Kuɗin Ko-Ta-Kwana

Wani ne, irin mutanen nan da in kuɗi ya shiga aljihunsu sai an yi tiyata kafin ya fito. Surukarsa ta aiko cewa ran Asabar za ta zo ganin 'yarta. Ita kuwa tsohuwar nan, tun da aka yi auren take cewa falonsa kamar akurkin kaji, kuma maganar ta daɗe tana cin sa. Ya rantse wannan karon sai ya rufe mata baki. Za a fasa bangon da ke tsakanin falo da sito, a haɗe su, falo ya yi fili.

Ya kira magini. Magini ya auna, ya rubuta lissafi, ya miƙa masa. Gogan naka ya ɗauko biro ya gyara zama.

"Siminti buhu takwas? Gada za ka gina? Huɗu. Ka ƙara yashi."

"Maigida, ai ba zai..."

"Fenti bokiti uku? Ɗaya. Bangon da za ta fuskanta kawai za a shafa, ba ta da ido a ƙeya."

Sai ya iso layin ƙarshe. "Wannan fa? Kuɗin ko-ta-kwana, dubu hamsin?"

Magini ya ce, "Ai kowane aiki ana ware shi a ajiye, saboda ko ta kwana."

"Ba za ta kwana ba! Wuni za ta yi, da yamma in saka ta a mota."

"Ba haka nake nufi ba, maigida."

"Kai ka san surukata ko ni?" Ya ja wa layin biro har ya huda takardar.

Matarsa ta leƙo ta ce, "Don Allah ka bar kuɗin nan a ajiye."

Ya ce, "Ke ma so kike ta kwana, ai na gane ku." A ranar ya tafi kasuwa ya zuba dubu hamsin ɗin a labule, mai ruwan zinariya, har ƙasa.

Ran Alhamis magini ya ɗaga guduma. Ya doka ɗaya, ya doka biyu, a na uku sai fuuu! Ashe bututun ruwan gidan ta cikin bangon ya bi. Kafin a rufe ruwan, takalma suna iyo a falo, simintin da ke sito ya jiƙe sharkaf. Aka kira mai gyaran famfo, ya duba ya ce dubu arba'in.

Magini ya ce, "To maigida, ka ga ranar ko-ta-kwana."

"Kai wane irin mutum ne? Matar da ko tasha ba ta je ba tukuna, a ina ta kwana?"

Mai famfo ya ga ba alamar kuɗi, ya kama gabansa. Magini ma ya bi bayansa.

Ran Asabar ga rami a bango, ko saniya za ta iya wucewa ta ciki. Mutumin naka ya rataya sabon labule a kai, ya juya kujera ta fuskanci bangon da aka yi wa fenti. Suruka ta iso, ya zaunar da ita.

"Mama, ki dinga kallon gabanki, waiwaye yana sa ciwon wuya."

Ai kuwa kamar ya ce ta waiwaya. "A'a, taga kuka buɗe? Bari in sha iska." Ta tashi ta yaye labule. Ga baraguzai, ga siminti ya zama dutse, ga bututu an ɗaure masa baki da tsumma.

Ta tafa hannu. "A kangon nan ka ajiye mini 'ya? Wallahi ba inda zan je sai na ga an gama aikin nan da idona!"

Daidai nan magini ya shigo ɗaukar gudumarsa da ya manta. Ta ce, "Kai, yaushe za ka gama?"

"Da zarar maigida ya fito da kuɗi, Mama."

Ta dubi surukin nata sama da ƙasa. "Wannan? 'Yar nan, aika gida a kawo mini babban akwatina."

Gogan ya ja magini gefe, ya ce, "Malam, ka yafe mini, ashe ka fi ni sanin ta. Don Allah, nawa ne kuɗin ko-ta-shekara?"