Kaka Oddny da Jirgin da Aka Ce Zai Ɗaura

"Lafiya lau na kwana, tunda ban yi mafarkinka ba. Kai fa? Ka farka, ko tafiyar barci kake?"

"Na farka, tsohuwa. Ke ce dai kike ba ni mamaki. Jiya da na ji ƙararrawar coci har na goge baƙar kwat ɗina, ashe ɗaurin aure ne."

"Mayar da ita kabad. Kek ɗin jana'izata ba za ka ci shi da haƙori ba."

Kaka Oddny ke nan da jikanta Eilif, ƙarfe bakwai na safe, a kan bencin da ke gaban rumfata. Ita tana da shekara tamanin da uku, shi kuma malamin lissafi ne a makarantar garin, gemu har ƙirji, amma a bakinta har gobe bai iya ɗaura takalmi ba. Ni sunana Steinar. Shekara ashirin da shida ina kama igiyar jiragen ruwa a tashar nan, kuma rabin albashina sauraron waɗannan biyun ne.

Matsayar babban jirgi guda ɗaya muke da ita a ƙarshen wannan mashigin teku. In jirgin 'yan yawon buɗe ido ya ɗaura a jikinta, sai a shimfiɗa gada kowa ya sauko, har mai keken guragu. In kuwa ya jefa anga ya tsaya can tsakiyar ruwa, sai ya riƙa kwaso mutane a ƙananan kwale-kwalensa zuwa gaɓar masunta, kuma wannan hanya sai mai ƙafa. Garin duka ya san abin da ya fito da Oddny da sassafe cikin rigarta ta zuwa coci. Borghild, ƙawarta tun bencin firamare, wadda aure ya kai Kanada, tana cikin jirgin yau. Rabonsu da ganin juna shekara arba'in da ɗaya, kuma Borghild a keke take yanzu.

"To, aiken da na yi maka fa?" in ji Oddny. "Ɗaurawa zai yi ko tsayawa?"

Eilif ya zaro takarda daga aljihu ya warware ta kamar mai shela. "Ɗaurawa. Ga shi a rubuce. Na buga miki a takarda, tunda ke ba kya yarda da abin da ba za a iya hura murhu da shi ba."

"Wa ya rubuta?"

"Kamfanin jirgin mana."

"Yaushe?"

"Ke ina ruwanki da yaushe?"

"Kifi ma ana tambayar yaushe aka kamo shi. Duba min."

Ya ƙura wa takardar ido. "Bara waccan."

"Bara waccan! Bara waccan ai kai ma an ce za ka yi aure. Ina matar?"

"Ke kika kore ta. Ta zo gaisuwa kika ce mata ke ce uwargida."

"To ƙarya na yi? Wa ya fara yi maka wanka? Wa ya fara ganin wannan cibiyar taka mai kama da murfin buta?"

"Tsohuwa, mu tsaya a maganar jirgi. Ban tsaya ga takarda ba, har waya na buga musu. Minti arba'in ina jin kiɗa, sannan wata yarinya mai daɗin murya ta ɗauka. Ta ce min tabbas ɗaurawa zai yi."

"Tabbas ta ce?"

"Har sau biyu."

"Daga ina take magana?"

"Ban tambaya ba."

"Ta taɓa ganin garin nan?"

Eilif ya sosa gemu. "Ta dai ce in faɗa mata yadda ake rubuta sunansa."

Oddny ta buga sandarta a ƙasa, dariya har tana tari. Ni kuwa na sa hanci cikin kofin kofina don kada a ga bakina. Waɗannan kamfanoni ni suka fi ba haushi a duniya. Wani ne can a ofis mai na'urar ɗumama ɗaki, bai san iskar kudu ba, bai san tsawon matsayarmu ba, zai zauna ya rubuta abin da jirgi zai yi wata safiya bayan shekara biyu. Mutane kuma su biya, su shirya akwati a kan maganarsa.

"Karanto min na ƙasan," in ji ta. "Ƙananan nan masu kama da kashin ƙuda."

"Wannan ba kowa ke karantawa ba."

"Ai don haka aka ƙanƙanta su. Karanta, malam."

Ya matso da takardar kusa da hancinsa. "Kamfani na iya sauya tsari a kowane lokaci ba tare da sanarwa ba."

"Yauwa. A duk takardar nan wannan layin ne kaɗai ya je coci."

"Ke dai ba kya son zamani. Kunne ya girmi kaka, waya kuma ta girmi kunne."

"Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba."

"Ina rimi a garin nan? Kuma ke me kike hangowa? Shekaranjiya kika gaida akwatin wasiƙa, kina tambayarsa ya jikin matarsa."

"Ya fi ka ladabi, bai katse ni ba. Ka ji ni nan, ruwan nan na san shi tun yana ɗan kududdufi. Da aka haƙa mashigin nan ni na kai wa leburori kofi."

"Na sani. Malamin tarihi ma ya ce ke kika yi wa mayaƙan Viking na zamanin da guzuri."

"Kuma ko ɗayansu bai tambayi yarinya mai daɗin murya inda zai ɗaure jirginsa ba. Ɗaga kanka daga takardar nan. Ina motocin da za su hau da baƙi dutse suka jeru?"

Eilif ya waiga. Motoci shida, duk sun yi layi can gaɓar masunta. "Direbobi ne, suna son inuwa."

"Inuwa? Yaushe rabon garin nan da rana har da za a guje ta? To bar motoci. Dubi ƙafar Steinar."

Dukkansu suka dubi ƙafata. Silifa ce ta gashin tunkiya, wadda 'yata ta ba ni da Kirsimeti.

"Ranar da jirgi zai ɗaura," in ji Oddny, "tun ƙarfe biyar mutumin nan yake sa takalmin roba da rigar aiki mai launin lemu, yana kai da komo kamar kaza mai neman wurin ƙwai. Yau ga shi zaune da silifa, kofi na uku. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta."

"Steinar," in ji Eilif, "faɗa mata ƙafarka ce ke ciwo."

A garinmu mutum ba ya amsa abin da ba a tambaye shi ba, kuma da na so a bar ni a haka. Amma an tambaya. Na ce wakilin jirgin ya kira ni jiya da yamma, ya ce ba a buƙatar masu igiya. Ana sa ran iska bayan azahar, jirgin ya fi matsayarmu tsawo, kyaftin kuma ba ya son iskar ta matse jirgin a jikin simintin matsayar. Na yi shiru ne tun ɗazu don ina fatan ya sauya ra'ayi.

"Amma har yanzu wayata cewa take ɗaurawa," in ji Eilif, yana nuna min fuskarta.

"Haka za ta ci gaba da cewa har jirgin ya koma inda ya fito," na ce masa.

"Kyaftin na iya sauyawa," in ji shi. "Sai an gwada akan san na ƙwarai. Ni ina nan a kan takardata."

"Zauna a kanta, ko ta hana wandonka jiƙewa," in ji Oddny.

Ba a yi minti goma ba jirgin ya ɓullo daga bayan dutse, fari, hawa goma sha wani abu. Ya nufo mu tiryan-tiryan. Eilif ya miƙe tsaye.

"Ga shi nan! Ga shi nan tafe! Tsohuwa, shirya ban haƙuri. Ina son sa a rubuce, da sa hannu."

"Zauna, kada ka tsorata shi da gemun nan."

"Dubi yadda yake nufo matsaya! Ilimi ke nan, ba ƙafar Steinar ba."

Sai jirgin ya rage gudu. Ya ƙara ragewa. Can muka ji ƙarar sarƙar anga tana zuba cikin ruwa, duwatsu suna mayar da amo. Kwale-kwale masu launin lemu suka fara saukowa daga gefensa.

Na jira Oddny ta yi guɗa, don ba ta taɓa cin Eilif a gardama ta bar shi ya numfasa ba. Amma ba ta yi ba. Ta sa hannu tana gyara kwalar rigarta da ba ta karkace ba. A lokacin na gane tun safe addu'a take yaron nan ya kayar da ita, kuma tausayinta ya kama ni sosai.

Wayarta ta yi ƙara a cikin jaka. Ta ɗauka, ta saurara, ta ce "to" sau uku, ta kashe.

"Borghild ce. Sun ce sai wanda zai iya taka matakala da ƙafarsa ya tsallaka cikin kwale-kwalen. Ta ce ta zaɓi wannan jirgin ne musamman saboda an rubuta zai ɗaura." Ta dubi jikanta. "Ka gani? Ku biyu ne wawayen da suka yarda."

Eilif ya ninke takardar ya tura aljihu. "Kin ci, tsohuwa. Na sara miki."

"Ci ɗin banza."

Ya tsaya yana kallon jirgin, yana cizon leɓe. "Steinar, jirgin kamun kifin kakana yana da mai?"

"Ni na zuba masa ranar Asabar."

"Tashi, amarya. Za mu fita yawon amarci."

Oddny ta ɗago kai. "Kai? A ruwa? Kai da ka yi amai a kan gada don ka ga ruwa na wucewa ta ƙasa?"

"Ina da shekara shida lokacin."

"Ashirin da shida. Ina wurin, ni na riƙe maka hula. Kuma ai ba za su bar mu mu hau ba."

"Wa ya ce hawa? Ɗakinta na da baranda, ko ba shi da shi? Ke kuwa in kina kiran kyanwarki daga nan, can birnin Bergen ake amsawa."

"Za ka kifar da ni ka ci gado."

"Gadon me? Haƙoran roba da kyanwa mai ido ɗaya? Sa rigar ruwan nan, kada kifaye su ga fuskarki su yi ƙaura."

Ni ma na shiga, don na san wanda zai ƙarasa tuƙin. Eilif ya riƙe sitiyari da jarumta har muka wuce gaɓar masunta. Daga nan fuskarsa ta fara komawa kalar ganyen kabeji, ya miƙa min sitiyarin, ya rungumi gefen jirgin. Muka tsaya iyakar inda doka ta yarda ƙaramin jirgi ya matsa. Oddny tana waya tana ba da umarni: a turo keken baranda, ɓangaren da ke kallon coci, a ɗaga wani abu ja.

Can sama, hawa na shida, wani jan gyale ya fara kaɗawa. A bayansa ga wata 'yar tsohuwa, kanta fari fat.

"Oddny!" muryar ta sauko siririya. "Kin tsufa!"

Oddny ta cusa wayar a jaka, ta miƙe tana dafe da kafaɗata. "Ke kuma kin yi ƙiba! Nauyinki ne ya hana jirgin matsowa!"

Mutanen sauran barandun suka leƙo suna ɗaukar hoto. Su biyun ba su kula ba. Suka yi ta ihu, wa ya mutu, wa ya rage, wa ya saci wa fensir a aji uku, suna dariya suna kuka a haɗe. Ni kaina sai da na juya na yi kamar ina duba injin.

"Wane ne wancan da ya rataya a gefe kamar rigar shanya?" Borghild ta ƙwalo.

"Mijina ne!" in ji Oddny. "Ba ya jin magana, ba ya jin ruwa, amma shi ya kawo ni!"

Eilif ya ɗaga hannu ɗaya ya gaida baƙuwar Kanada, kansa na ƙasa. Oddny ta share hawayenta da farin hankicinta mai aikin allura, wanda ba ta taɓa barin kowa ya taɓa ba. Sannan ta miƙa masa ta baya, idonta na kan barandar.

"Ungo, angona, goge bakinka. Yau dai na yi dacen miji. Gobe ma ci gaba daga inda muka tsaya."