Kaftanin Wakilin Ango

"Ni hwa tun da nig girma awona bai canza ba," in ji Abdulgafar, yana bubbuga ƙirji a rumfar 'yan albasa ta Wurno. "Ƙugun ga nau, ko ɗan sakandare sai shi yi man hassada!"

Abokina, kada ka ji wannan ka ɗauka wani siririn saurayi ne ke magana. Da can kam gaskiya ne, Abdulgafar kamar karan gero yake. Amma tun da albasa ta karɓe shi, ya koma daga fura sai tsire, tumbi ya fito har yana riga shi shiga ɗaki. Kowa ya gani ban da mai shi. A gabansa ana ce masa Sarkin Gaye, da ya juya baya sai a ce Randa ta wuce.

To, sai aka sa ranar auren ƙanensa Mujaheed da wata yarinya Raihana a Magarya. Mahaifinsu ya rasu, don haka Abdulgafar ne wakilin ango, shi zai buɗe baki gaban liman da shaidu ya nemi auren. Mujaheed kuwa ya daɗe yana jiran wannan rana, har ramewa ya yi.

Mas'uda, matar Abdulgafar, ta fito masa da babbar riga.

"Maigida, wagga ta dace da kai. Tana ruhe komi."

"Mi za ta ruhe? Mi gare ni na ruhewa? Babbar riga ta tsohwahhi ta. Ɗinkin samari za ni yi, mai kama jiki!"

Ya tafi wurin Yusha'u tela. Da ganin an ɗauko abin awo, sai gogan ya zuƙe ciki, ya riƙe numfashi, idanu suka firfito.

"Alhaji, saki jikinka," in ji Yusha'u.

"A sake shike," Abdulgafar ya amsa da wata 'yar murya kamar ta ɗan akuya.

"Alhaji, ka tabbata?"

"Kai tela na ko likita? Auna abin da kag gani!"

Yusha'u ya auna abin da ya gani, ya ɗinka abin da ya auna.

Ranar ɗaurin aure, shiga kaftanin nan sai da ta zama aikin gayya. Mas'uda na ja ta baya, shi yana zuƙe ciki, har maɓallai suka shiga da ƙyar, kowanne yana neman agaji. Nan ya gane abin da ya jawo wa kansa: rigar ba ta san Abdulgafar mai numfashi ba, wancan na shagon tela kawai ta sani. Amma ya yarda? Ina! Ya dubi madubi ya ce, "Kin gani? Kamar a jikina anka saƙa ta."

Ko kunu bai sha ba. Ɗan kabu-kabu ya zo, ƙafa ta ƙi ɗagawa ta haye babur, sai ya zauna a karkace, ƙafafu gefe ɗaya kamar mai zuwa gidan suna. Haka aka ratsa gari da shi, yana ɗaga wa mutane hannu wai sabon salo ne.

A Magarya an shimfiɗa tabarmi a ƙofar masallaci. Ga Baba Ja'afar, waliyyin amarya, tsoho mai furfura da bakin barkwanci. Kowa ya durƙusa ya gaishe shi, Abdulgafar kuwa ya tsaya ƙiƙam kamar taɓarya, ya ɗan lanƙwasa wuya.

"Wanga soja na?" tsohon ya tambaya.

"Yaya, don Allah zamna," Mujaheed ya raɗa masa.

Abdulgafar ya zauna, in dai za a kira wannan zama. Ya jingina da hannuwa ta baya, ya miƙe ƙafafu, gumi na tsiyaya. Liman ya yi addu'a, sannan ya ce wakilin ango ya nema.

Abdulgafar ya buɗe baki. "Ina nema ma ƙanena..." Abin da ya fito bai fi kukan sauro ba.

"Ba mu jiya ba!" in ji na baya.

Ya sake. Wannan karon har sauron ya fi shi.

Liman ya gyara zama. "Alhaji, aure ba ya ɗauruwa sai shaidu sun ji. In ba ka iyawa, sai a ɗage."

A ɗage! Abdulgafar ya waiga ya ga Mujaheed, idanunsa sun cika da hawaye. Gaskiya tausayi ya kama shi, don duk shirmensa yana son yaron nan. Ya rufe ido, ya ja numfashi irin wanda rabonsa da shi tun safe, ya kwarara murya:

"INA NEMA MA ƘANENA MUJAHEED AUREN RAIHANA!"

Har mata a cikin gida sun ji. Maɓallai ma sun ji, don nan take suka watse kamar an yi harbi. Ɗaya ya sami hular ladan, wani ya faɗa cikin kwanon dabino. Kaftani ya tsage daga wuya har ƙasa, tumbi ya fito fili ya zauna bisa cinyoyinsa, yana rawa a hankali kamar mai gaida jama'a.

Baba Ja'afar ya daɗe yana kallon wannan sabon baƙo da ya fito daga riga, sannan ya gyara murya.

"Na ba Mujaheed Raihana. Kun shaida?"

"Mun shaida!" jama'a suka amsa, wasu na cizon hannun riga.

Aka shafa fatiha, mai rabon goro ya taso, ya miƙa wa Abdulgafar nasa zai wuce. Tsohon ya ɗaga sanda ya tare shi, ya nuna tumbin.

"Kai, ba ka da kunya? Ba wanga bawan Allah nashi goro. Ya makara, amma shi ma ya shaida."