Rasuwar Sarewar Kaka, Ma'aunin Numfashi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, tsohuwar malamar kimiyya da ke gidan ƙarshen layi take sanar da 'yan uwa da abokan layin asibiti rasuwar ma'aunin numfashinta, ɗan bututun robar nan da jikoki suka laƙaba wa suna Sarewar Kaka. Ta rasu ranar Lahadi da hantsi a cikin tukunyar ruwan zafi, bayan shekara tara tana yi wa mai ciwon asma hidima.

Marigayiya ba ta da surutu. A miƙe tsaye, a cika ƙirji, a busa sau uku, ta ce fuut, allurarta ta ce ƙas, a rubuta lambar da ta fi girma. Ba ta taɓa ƙara wa kowa ko goma don a ji daɗi ba. Mafi kyawun abin da ta taɓa ba mai ita shi ne 320, aka kuma zauna lafiya da hakan, har sai da ƙanwar malama ta samu nata ma'aunin, sabo fil, da jakarsa mai zif. Ƙanwar da shekara biyu kacal ke tsakaninsu, wadda ko tsani ba ta iya hawa sai ta huta, ita ce kullum safiya take bugo waya wai ta busa 400. Malamar jinya ta sha faɗa cewa kowa da lambar kansa ake gwada shi. Malama ta ji, ba ta dai haɗiye ba.

Jinyar ajali ta fara ne da wata jita-jita a layin asibiti: wai idan ma'auni ya tsufa allurarsa ƙagewa take, ta dinga tauye wa mutum lamba, kuma ruwan zafi ke sakin ta. A makon nan Sarewa ta kafe a 210. Takardar likita mai launi uku ta ce wannan rawaya ne, a ƙara maganin shaƙa, a zo asibiti. Malama, da ta shekara talatin tana hana ɗalibai yarda da ji-ta-ji-ta, ta ce sai ta gwada. Ta gayyato ƙanwar, ta wanke bakin bututu, ta miƙa mata. Baiwar Allah ta busa sau ɗaya, ko gyara mayafi ba ta yi ba, allura ta tafi 400 cif. Ta yi murmushi ta nemi shayi.

Duk da wannan hujja, da ruwan shayin da ya rage a wuta malama ta yi wa marigayiya wankan da ba ta tashi ba. Ta lanƙwashe, allura ta narke a wurinta.

Ta bar maganin shaƙa guda biyu, na kullum da na gaggawa, da littafin lambobi, da guntun fensir, da takardar likitan nan da ke manne a ƙofar firji ba a bi ta ba. Ana roƙon masu ta'aziyya kada su zo da turare, kada kuma a zo da ma'auni mai jaka.

Za a kai gawar ɗakin masu ciwon ƙirji ranar Talata ƙarfe takwas na safe, a sa ta a kwandon shara mai murfi. Bayan nan likita zai sauya wa mai makoki magani, domin jiya ta busa ma'aunin asibiti sau uku, ya ba ta 190.