Ranar da Na Ce Bidiyon Nawa Ne

Ba zan taɓa mantawa da wata Lahadi a unguwar Croydon da ke London ba, ranar da aka nemi izinina a gaban jama'a kafin a kunyata ni, ni kuma na miƙe tsaye da babbar rigata na bayar. Amma bari in ɗauko muku zancen daga tushe, don ku san ba haka kawai abin ya faɗo min ba, ni na gayyato shi.

Shekara ashirin da wani abu ina gaya wa iyalina cewa ni ne golan kwalejinmu a Zariya, kuma ni na kaɗe fenariti a minti na ƙarshe ranar da muka ɗauki kofin kwalejoji. Rabin maganar gaskiya ce. Gola ne ni, amma gola na biyu, wato mai ɗumama benci. Wanda ya kaɗe fenaritin abokina ne Garba Dogo. Abin ya faro ne lokacin da nake neman auren Binta. Ina ba ta labarin wasan, ta tambaye ni ko ni ne golan, na ce e, ta yi wani murmushi da ban taɓa gani ba. To ku faɗa min, wane saurayi ne zai tsaya gyara bayani a wannan lokacin? Daga nan labarin ya biyo mu London, kowace shekara ina ƙara masa gishiri. Har sai da ya kai na karye a yatsa amma na ƙi fita daga fili (yatsan nan ƙofar mota ce ta datse shi a Camberwell).

Da Binta ce kaɗai, da sauƙi. Matsalar ita ce 'yarmu Safiya, wadda aka raina da wannan labarin kamar tatsuniya. Saboda shi ta zama gola a makarantarsu, ina tsaye a bakin fili cikin sanyi ina ba ta shawarwarin da ni ban taɓa aiki da su ba. Yanzu tana karatun lauya a Bloomsbury, amma har gobe in ƙawayenta sun zo gida sai ta ce in ba su labarin fenariti. Irin kallon da take yi min a lokacin, wallahi ba na son in rasa shi. Wannan shi ne duk abin da nake karewa.

To da girma ya fara kama gwiwa, sai na samu sabuwar sana'a ranar Asabar da rana: kallon tsofaffin wasannin kwalejoji a intanet. Akwai wani shafi da wani bawan Allah yake ɗora tsofaffin kaset, bai sa sunansa ba, hoton usur kawai ya sa. Hoto dushi-dushi, fili babu ciyawa, 'yan kallo sun hau katanga, mai ɗaukar hoton yana haki kana ji. Ni dai daɗi nake ji, ina shan shayi ina zagin 'yan wasan da yanzu sun yi jikoki. Wata Asabar bayan azahar na danna wani sabon bidiyo, sai ga koren jesinmu.

Na rage murya, na leƙa kicin na tabbatar Binta na can, na janyo bidiyon zuwa ƙarshe. Ga rafali ya nuna fenariti. Ga Dogo a raga yana tofa yawu a safar hannu. Sai mai kyamara (Allah ya jiƙansa, amma ya cuce ni) ya bar raga ya juyo kan benci. Ga ni nan, ba mai musu, kunnuwan nan nawa ba sa ɓuya. Na juya wa fili baya, na tsuguna, na lulluɓe kaina da tawul saboda tsoro. Mutumin da ya kaɗe fenariti da karyayyen yatsa ko kallon fenaritin bai iya yi ba. Na rufe kwamfutar tun kafin in ga sauran.

Kwana biyu ina tunani. Safiya ta sha tambayata ko babu kaset ɗin wasan, kuma yaran nan in sun sa kansu neman abu a waya sai sun tono shi. Ranar Litinin na same ta a kicin tana dafa taliya, na yi fuska, na ce wani abokina ne ya ga kansa a wani tsohon bidiyo, yana son a sauke shi, me doka ta ce? Ni ina Hausa tana ba ni amsa da Turanci, kamar yadda muka saba. Ta ce haƙƙin mallaka na wanda ya ɗauki hoton ne ko magadansa, fitowar fuskarka a ciki ba ta ba ka komai. Ta ce akwai fom da mai haƙƙi yake cikewa a sauke bidiyo, amma kamar rantsuwa ne, ba a wasa da shi. Ta fara cewa in gargaɗi abokin nawa game da wani abu, ni kuwa na riga na ji abin da nake so, wato akwai fom. Na ce ana kirana a waya na fice.

Washegari a wurin aiki, lokacin hutun cin abinci, na cike shi. Da zuciyata ta ce min kai malam ƙarya fa za ka yi, sai na tuna mata cewa na taɓa riƙe wa mai bidiyon nan jakar batir daga bakin get har fili, ashe ina da hannu a aikin. Na rubuta cikakken sunana, da na mahaifina, da lambar flat ɗinmu, na danna duk akwatunan da aka ce in danna. Akwai wani dogon bayani da ƙananan haruffa a ƙasa, ban karanta ba. Ni da nake aiki a ɗakin magani na asibiti, kullum ina yi wa marasa lafiya faɗa don ba sa karanta takardar cikin kwali. Bayan kwana huɗu bidiyon ya ɓace. Ranar har kaza na sayo, Binta ta bi ni da kallo ta ce lafiya dai, na ce albarka ce kawai.

Bayan Babbar Sallah tsofaffin ɗaliban kwalejinmu da ke nan Ingila sukan kama wani ɗakin taro a Croydon a ci abinci a yi zumunci. Na saba zuwa ni kaɗai, saboda dalilin da kun riga kun sani. Bana kuwa Binta ta ce ƙafarta ƙafata, Safiya ma ta ce za ta. Abin da ya ƙara tayar min da hankali shi ne Dogo ya dawo Croydon da zama wurin ɗansa. Muna gaisawa a waya, ina ƙaunarsa har raina, amma na yi shekaru ina kauce wa haɗa shi da iyalina a ɗaki ɗaya. Na tsara cewa zan zaunar da su can baya kusa da ƙofa, a ci a tashi. Muna shiga Dogo ya hango ni, ya taho da sandarsa, ya rungume ni ya daɗe bai sake ni ba, kafaɗarsa tana ɗan rawa. Na ɗauka kukan zumunci yake yi, ashe dariya yake dannewa. Da hannunsa ya ja mu teburin gaba.

An ci shinkafa, an ci masa, sai shugaban ƙungiya ya sa aka sauke farin allo ya ce Alhaji Garba yana da jawabi. Dogo ya miƙe ya gyara tabarau. Ya ce shafin nan mai hoton usur nasa ne. Kaset ɗin na marigayi yayansa ne mai ɗaukar bidiyo, shi ya kwaso su daga Zariya, yana juya su ɗaya bayan ɗaya don kada su ruɓe. Ya ce ya so yau mu kalli wasan ƙarshe tare, amma an sauke shi, har an aiko masa da gargaɗi cewa ya ɗora kayan wani. Jama'a suka fara salati, wani likita a bayana ya ce wane mara tsoron Allah ne wannan. Ni ma na girgiza kai, don kada a ce ban girgiza ba.

Sai Dogo ya zaro takarda daga aljihu ya warware ta a hankali. Ya ce abin da ya burge shi da Turawa shi ne ba sa ɓoye-ɓoye, duk wanda ya kai ƙorafi sai su turo maka da sunansa da adireshinsa. Ashe abin da Safiya ta so gaya min ke nan a kicin, kuma abin da ke rubuce da ƙananan haruffa ke nan. Ya karanto sunana. Ya karanto na mahaifina. Ya karanto lambar flat ɗinmu har da hawa na nawa ne. Safiya ta juyo gaba ɗaya ta zuba min ido. Binta kuwa ta ci gaba da yanka masarta kamar ba da mijinta ake ba.

Dogo ya cire tabarau ya dube ni da ladabi. Ya ce, "To tunda Allah ya sa mai kayan yana tare da mu, ba za mu karya doka ba. Ina da kwafi a aljihu. Ranka ya daɗe, ka ba mu izini mu kalla?"

Na duba ƙofa, ta yi nisa. Na miƙe na ce, "Na bayar."

Aka kashe fitila. Da aka zo wurin tawul, dariyar da aka yi sai da mai gadin ginin ya leƙo. Likitan nan ya roƙi a maido baya, aka maido har sau uku, ana tsayar da hoton daidai kan kunnuwana. Ban yarda na kalli gefen Safiya ba. Daga nan aka bar bidiyon ya wuce, zuwa wurin da ni ban taɓa kaiwa ba. Dogo ya yi tsalle ya kaɗe ƙwallon, rafali ya hura tashi, sai ga wani siririn yaro ya tsallake benci a guje, tawul har yanzu a kansa, takalmi ɗaya ya fice a hanya. Ya riga kowa isa raga, ya ɗare wuyan Dogo yana kuka wiwi kamar an yi masa rasuwa. Ni ne. Na manta sam na yi haka.

Dariyar ta lafa. Dogo ya ce wa jama'a kada su ga tawul su raina ni, shekara guda cur ina tsayawa bayan atisaye ina buga masa fenariti har magariba. Ya ce bugun nawa ba shi da ƙarfi ko kaɗan, shi ya sa ya saba kamawa har ya daina jin tsoro. Aka sake fashewa, ni ma wannan karon da ni aka yi, ina share ido da hannun riga.

A jirgin tram na komawa gida Safiya ta kawar da kai tana kallon taga, abin da ya fi min dariyar mutum sittin ciwo. Sai da muka kusa sauka ta dafa hannuna, kuma da Hausa ta yi maganar, abin da ba ta cika yi ba. Ta ce, "Baba, me ya sa ba ka ba ni wannan labarin ba? Ya fi wancan daɗi."

Binta ce ta riga ni amsawa, ta ce ita tun satin bikinmu matar Dogo ta gaya mata komai. Na ce shekara ashirin da wani abu, Hajiya, kina ji kina shiru? Ta ce, "Na ga kana jin daɗinsa ne, Baban Safiya, kuma ba ya cin abinci."

Kada ku ɗauka na tsira haka nan. Da muka isa gida lauyar gidan ta zaunar da ni, ta tsaya a kaina na rubuta takardar janye ƙorafi da ta ban haƙuri, ta mayar min da ita sau biyu don wai ban amsa laifi sosai ba. An maido da bidiyon, kuma yanzu duk shafin Dogo babu wanda ake kallo kamarsa, saboda 'yan ƙungiya sun aika wa duk wanda ya taɓa sanina daga nan har Zariya. Abin da na koya dai shi ne, in Allah ya ba ka ƙarya mai lafiya wadda matarka ta yafe maka, ka bar ta a falo inda ta saba zama. Kada ka kai ta ofis, kada ka sa mata hannu, balle ka rubuta mata adireshin gidanka.