Sarkin Iska na Gidanmu

A duk garin Leeuwarden babu mai tsaron intanet kamar Yallaɓai Sjoerd Wielinga. Shi da kansa ya faɗa mana, kuma mutum irinsa ba ya ƙarya. Da can tsintsiyar lantarki yake sayarwa. Da ya yi ritaya sai ya zama shugaban mazauna gidan benenmu, zaɓen da babu wanda ya tuna ranar da aka yi shi. Tun da intanet ta iska take zuwa, muka naɗa shi Sarkin Iska. Ya karɓi sarautar da murna.

Ranar da aka kawo sabuwar rauta, akwatin da ke raba mana intanet, ya tara mu a falon ƙasa.

"Maƙwabta," in ji shi, "duk mai barin rauta a kan saitin kamfani, da kalmar sirrin da aka liƙa mata a gindi, ya bar ƙofarsa a buɗe. Ragwanci ne! Ni ba a shiga gidana ta iska."

Ya canza kalmar da wata doguwa, ya ce a kansa kaɗai za ta zauna. Kowa ya kawo waya, shi kuma ya juya mana baya ya shigar da ita, kamar mai haɗa magani. Rautar kuwa ya sa ta a kabad ya datse da kwaɗo.

Haka muka ci sanyin shekarar lafiya, har ranar da jikar Inna Tjitske, wata tsohuwa a gidanmu, za ta yi aure a Kanada. Tsohuwar ba ta iya doguwar tafiya, shi ya sa ta sayi sabuwar kwamfutar hannu don ta kalli bikin kai tsaye. Ta yi ado, ta toya mana kek ɗin tuffa, ta miƙa wa shugaba kwamfutar don ya shigar da kalmar.

Ya danna, ta ƙi. Ya goge tabarau ya sake, ta ƙi.

"Hari ne," in ji shi. "Daga ƙasar waje. Na daɗe ina zarginsu."

"Sjoerd, ɗan nan, an kusa shigo da amarya fa," in ji Inna.

Muka kinkimi kek da tsohuwa muka tsallaka shagon kofin Femke da ke jikin gidanmu. Femke ta juya rautarta ta karanto mana abin da ke gindi. Nan da nan ga amarya cikin farar riga. Inna ta fashe da kuka tana ɗaga wa kwamfuta hannu.

Sarkin Iska bai ji daɗin wannan sakaci ba.

"Kalmar kamfani, Femke? Kowane ɓarawo zai iya hawa intanet ɗinki! Bari in nuna miki yadda suke yi."

Ya zaro wayarsa ya ɗaga sama don kowa ya gani. Muka gani. Wayar tana kan intanet ɗin Femke daram, ba ta tambayi kowa komai ba.

Ashe tun makon farko kansa ya zubar da doguwar kalmar. Da ya sayi sabuwar waya, sai ya leƙa gindin rautar Femke ya saci kalmarta.

Femke ta dube shi, ta tura masa kofi.

"Sha, Yallaɓai," in ji ta. "Ɓarawon nawa ma ya cancanci kofi ɗaya."