Dinyar da Ta Fi Ƙarfin Fiffikenta

A Tafkin Gwauron Dutse dinyoyi ke da mulki, kuma tun kaka da kakanni tsarinsu ɗaya ne: damina a tafki, rani a kogi. Da ruwa ya ja baya sai Sarki ya buga fiffike, jama'a ta tashi. Ba su da ƙiba, ba su da kyan gani, amma ba a taɓa cin su a gida ba.

Tasalla ce Magajiyar Fiffike, mai koya wa ƙanana tashi. Tana zaune a fada ranar da Muzuru ya kawo shawara.

"Allah ya ja zamanin Sarki," in ji Muzuru, yana lasar baki. "Na zaga duniya, ban ga jama'a mai daraja da rama irin taku ba. A ƙetare akwai fararen dinyoyi, ƙirji kamar tulu, gashi kamar auduga. A haɗa iri! Jikokinku za su ninka ku nama, su ninka ku laushin gashi. Wannan shi ne ci gaba."

Fada ta kaure da guɗa. Waziri ya yi rawa har ya faɗa ruwa. Ba wanda ya tambayi abin da ya haɗa muzuru da naman dinya. Ita ma Tasalla ta taka, don ƙarya ne a ce ba ta so jikoki masu ƙirji ba.

Aka haɗa iri, aka yi ƙyanƙyasa. Tasalla ta sami jikoki bakwai, farare tas, kowanne ya fi ta girma kafin wata uku. Duk mako mutanen Muzuru kan zo su fige musu gashin ƙirji, wai don a gwada inganci, a ba wanda ya fi laushi lambar yabo.

Da ta kai su tudu koyon tashi, babban ya sheƙa da gudu, ya buga fiffike, ya kife da ƙirji. Sauran suka bushe da dariya.

"Haba Kaka, ki bar wahalar da mu. Mu fa manya ne!"

Ruwa ya fara ja. Tasalla ta je fada ta faɗi ta yi gaisuwa.

"Ranka ya daɗe, tafki na ƙafewa, yaranmu kuwa ko ɗaya ba ya tashi."

"Iya," in ji Waziri, "tashi ai aikin mayunwata ne. Wanda ya ƙoshi ina za shi?"

Sarki ya gyara murya. "Mun ji kukan Magajiya. Daga yau mun hana tafki ƙafewa. Mun kuma hana tashi, don yana ɓata gashi. Ita kuwa mun ɗaga ta zuwa Magajiyar Gashi."

Aka yi kiɗa kwana uku.

Tafki bai ji doka ba, ya koma taɓo. Fiffiken Tasalla lafiya lau yake, kogi kuwa tafiyar wuni guda ce. Ta dubi sama, ta dubi jikokinta bakwai suna gardamar wa ya fi nauyi. Ta naɗe fiffike ta zauna a tsakiyarsu.

Da hantsi sai ga Muzuru da danginsa kaf, har da tsofaffi marasa haƙori, sun zo taya murna. Sarki ya ce a jeru a tarbi baƙi. Nan rigima ta tashi, don Waziri ya rantse, bisa muƙaminsa, ba wanda zai riga shi shiga gaba.