Baƙin Hayaƙi a Hanyar Gwiwa

Ba zan taɓa mantawa da Larabar da muka ɗauki gawar Kawu Sale daga Kazaure ba, kuma ko na so in manta, mutanen garejinmu ba za su bari ba.

Kawu Sale ƙanen mahaifiyata ne, shi ya koya mini kanikanci tun ban san bambancin sifana da filaya ba. Yana da wata tsohuwar a-kori-kura da yake ji da ita kamar 'yar cikinsa. Jikinta duk ciko ne, amma injinta ba na wasa ba ne. Daga hannun masu tsallaka kaya ta bakin iyakar Babura ya saye shi, irin wanda ake gyarawa don gudu a yashi, da kafireta mai baki biyu. In tana tsaye a kunne tana silo, sai ka ɗora kofin shayi a kan bonet bai ko girgiza ba. (Ya sha yin hakan don baƙi su gani.)

Da ciwo ya kwantar da shi a asibiti, sai ya miƙa mini makulli, ya ce in yi mata sabis kafin ya fito. Kaina ya kumbura. Na ce ba sabis kaɗai ba, har wanka zan yi wa injin. A wajenmu in za a wanke inji, sai a toshe bututun da iska ke shiga da tsumma, kada ruwa ya gangara cikin kafireta. Na wanke shi tas, na sa sabuwar matatar iska, na koma gefe ina yaba kaina.

A ranar ce kuma hulata ta ɓata. Farar hula ce ta saƙa mai koren baki, tsarabar Makka da Kawu ya kawo mini, kowa a layin ya san ta a kaina. Na duba ko'ina ban gani ba. Sai zuciya ta raya mini Tanko mai faci, wanda rumfarsa ke manne da tamu, don kawai ya shigo aron guduma. A gaban mai shayi da 'yan acaɓa na ce akwai masu dogon hannu a layin nan, ina kallonsa ido cikin ido. Abin da ya ce kawai shi ne, "Allah ya bayyana ta." Daga ranar na daina amsa gaisuwarsa.

Washegari na tayar da mota, sai ta kama rawar ɗari kamar mai zazzaɓi. Salansa na aman baƙin hayaƙi, warin ɗanyen fetur na yaji a ido, in na ɗaga ƙafa daga totur sai ta mutu. Na kwance fulogai, sun yi baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Duk wanda ya yi wata uku a gareji ya san mai ne ya fi iska yawa. Ni sai na kama kafireta da kokawa. Kwana uku ina kwance ta ina ɗaurawa. Na wanke jet-jet ɗinta, 'yan ramukan da mai ke bi, na busa da baki har na sha fetur, na lanƙwasa fulot mai daidaita shigar mai na sake miƙe shi, na murɗa kusar silo ciki da waje har kanta ya cinye.

Da na je duba Kawu, na ɗan tsegunta masa halin da motar ke ciki. Ya rame sosai, maganarsa da ƙyar take fita.

"Ka duba iska?" ya ce.

"Na duba, Kawu."

Ban duba ba. Matatar sabuwa ce, da hannuna na sa ta, me zan duba? Ya daɗe yana kallona, sannan ya lumshe ido. Maganar ƙarshe ke nan da ta haɗa ni da shi, kuma ƙarya ce.

Da hantsin Laraba ya cika. Ya bar wasiyya a wajen yayansa, wanda muke kira Baba Malam, cewa a kai shi ƙauyensu gaba da Gwiwa a binne shi kusa da mahaifiyarsu, kuma a motarsa yake so a kai shi. Baba Malam ya ja ni gefe.

"Kai yaro, na ji motar tana tari. In ba za ta iya ba ka faɗa, mu nemi wata. An sa jana'iza bayan azahar."

"Baba, ku kwantar da hankalinku. Ni na san halinta."

Aka yi masa wanka da sutura, aka naɗe shi a tabarma, aka shimfiɗa shi a baya, mutum huɗu suka zauna kusa da shi. Tanko na cikinsu. A kan kwalta na yi ta danna mata wuta, tana tafiya tana shaƙewa, hayaƙi na komawa kan mutanen baya. Ina kallonsu ta madubi suna rufe hanci da rawani. Muna sauka kan yashi bayan Gwiwa, ta yi tari biyu ta mutu.

Rana tsaka, lokacin bazara, babu inuwa sai wata ƙaya guda. Na buɗe bonet, na kwance fulogai ina kankarewa da wuƙa. Ta ƙi. Na sake kwance kan kafireta, wata 'yar kusa ta faɗa yashi na durƙusa ina tonawa. Biyu daga cikin mutanen suka cire manyan rigunansu suka riƙe a saman gawar don yi mata inuwa. Ba wanda ya zage ni. Wallahi da an zage ni da ya fi mini sauƙi.

Azahar ta yi, ta gota. Waya sai shigowa take daga ƙauye, an gama haƙa kabari, jama'a na jira. Can sai ga wata motar gyaɗa. Baba Malam ya tare ta da kansa. Aka ja buhuna gefe, aka ciccibi Kawu daga motarsa aka kwantar da shi a tsakaninsu. Ban iya ɗaga kai ba.

Tanko ya matso kusa da ni, murya ƙasa-ƙasa. "Ko za ka buɗe wajen iskar nan?"

"Ka tsaya a facinka," na ce masa. (Har a nan bakina bai mutu ba.)

Baba Malam ya ji. "Buɗe," ya ce.

Na kwance murfin. Matatar iska lafiya lau, sabuwa fil. Na juyo zan ce kun gani, sai Tanko ya zura yatsu biyu cikin bututun, ya jawo wani dunƙulallen abu. Ya warware shi a hankali a gaban kowa. Hula ce, ta yi dauɗa, ta sha mai, amma koren bakin yana nan. Sai a lokacin na tuna: ranar wanki na nemi tsumma ban samu ba, na cire ta daga kaina na cusa.

Tanko ya kakkaɓe ta. Miƙo mini ita kawai ya yi da hannu biyu.

Na haɗa komai, na murɗa makulli. Bugu ɗaya ta tashi, ta zauna lumui, irin silon nan na kofin shayi.

"Baba, ta tashi," na ce. "A dawo da shi."

"Ba za a sake ɗaga shi ba," in ji Baba Malam. "Ya wahala haka nan."

Haka motar gyaɗa ta wuce gaba da Kawu, ni na bi ta a baya da motarsa babu kowa a ciki. Sai Tanko, wanda ya buɗe ƙofa ya zauna kusa da ni, ya ce bai kamata in tuƙa ni kaɗai ba. Na nemi gafararsa a hanya, kuka ya hana ni ƙarasawa. Ana kiran la'asar muka binne shi.

Hular tana rataye a garejin har yau, ban wanke ta ba. Duk motar da ta zo tana baƙin hayaƙi, ta iska nake farawa. In wani abu nawa ya ɓata, kaina nake fara tuhuma. In kuma babba ya tambaye ni ko na duba, sai in je in duba tukuna. Mun shirya da Tanko, sai dai har gobe in ya ga na ɗauko bokitin wanke inji, yakan leƙo daga rumfarsa ya miƙo hannu.

"Kawo hular in riƙe maka," yake cewa.

Ni kuwa sai in cire in ba shi.